Watan da aka ɗauke sabis a Gusau, da yadda kotso ya shigo studiyonmu

Abin da zan ba da labari ya faru ne a watan Satumba na 2021, a wani ɗan studiyo da ke Tudun Wada cikin Gusau, ɗaki ɗaya da 'yar baranda, inda na yi shekaru ina rubuta wa mawaƙa baiti ana sallamata. Na daɗe ina so in zauna in rubuta shi tun daga farko, saboda duk sanda aka taso da zancen mawaƙan Zamfara na yanzu sai ka ji an ce ai ba abin da suka iya sai kwaikwayon Kano, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ni na ga wani abu da idona a wancan watan wanda har yau yake ci mani rai. Ba zan kama sunan kowa ba. Mai studiyon Injiniya muke ce masa, tsohon da zai shigo labarin nan gaba kuma Baba kowa ke kiransa, toh haka zan bar su.

Bari in fara da yadda aikin yake tafiya kafin abin ya faru, don wanda bai taɓa leƙa studiyo ba ya gane. Abincin studiyo a Gusau waƙar biki ce, sai ta siyasa in kakarta ta zo, sai 'yan tallan shago da na makarantun kuɗi, da masu bege da ke yawaita in Maulidi ya gabato. Waƙar biki kuwa ga yadda ake yinta. Abokin ango ko yayar amarya za su turo sunaye ta WhatsApp, sunan amarya da ango da iyaye da ƙawaye da duk wanda ake jin zai yi liƙi, su turo kafin alƙalami ta banki, ni in zauna in jera baiti, Injiniya ya haɗa kiɗa a kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da ɗan fiyanonsa, in kuma ana son kiɗan da ake yayi sai ya saya wajen wani abokinsa da ke titin gidan Zoo a Kano a turo masa. Mawaƙi ya shiga ɗakin murya ya sa abin kunne ya rera nasa. Muryar mace ita ce matsala kullum, don a nan garin da wuya ka samu gidan da za a bar yarinya ta zo studiyo, saboda haka Kano ake tura waƙar wata zabiya ta ɗora amshi ta dawo da ita. Waƙa ɗaya sai ta je Kano ta dawo sau uku ba wanda ya taka tasha. Miksin kuma, wato daidaita murya da kiɗa, da dare ake yi, lokacin da gari ya yi tsit kuma janareta ba ta zafi.

Akwai dalilin da ya sa komai namu ya koma cikin ɗaki haka. Tun da aka fara aiki da shari'a a farkon shekarar 2000 kiɗan fili da na dandali ya ja baya sosai, daga baya kuma matsalar tsaro ta zo ta rufe hanyoyin ƙauye, makaɗin da a da yake bin kasuwa kasuwa da gidajen hakimai ya rasa inda zai sa ƙafa. Mu da muka taso a tsakanin nan kwamfuta muka tarar, ita muka koya, ita muka ɗauka ita ce waƙa.

A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin jiha ta fitar da matakan tsaro, aka rufe kasuwannin mako mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantu, aka sa dokar hana fita, a Gusau daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, a sauran ƙananan hukumomi 13 tun daga 6 na yamma. Ranar Juma'a 3 ga wata umarni ya fito a katse layukan waya a duk faɗin jihar, da farko aka ce mako biyu, aka zo aka ƙara. Ba batun ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba nake yi a nan, mutanen da aka kashe wa 'yan uwa sun fi ni sanin nauyin wannan maganar. Abin da nake so a gani shi ne abubuwa uku da studiyo ke tsaye a kansu, sabis da jarkar mai da dare, duk cikin mako ɗaya suka tafi.

Lokacin muna da aiki a hannu. Wani ɗan kasuwa ne ɗan asalin ƙasar Maradun da ke zaune a Kaduna zai aurar da 'yarsa ƙarshen wata, an turo sunaye, an biya rabin kuɗi, rabin nan kuma gaskiya an riga an sa a hayar shago. Kiɗan yana Kano ba a gama ba, zabiyar ba ta ɗora amshi ba. Injiniya ya shirya ya hau mota zuwa Funtua neman sabis kamar yadda rabin Gusau ke yi a kwanakin, ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe da Yankara, hanyar da ko lafiya lau sai ka yi addu'a kafin ka shige ta. Ya ce da ya sauka sai ya ga mutanen Zamfara tsaitsaye bakin titi kowa da waya a kunne, wani na kuka wani na faɗa da mai bashi, wani ya zo da wayoyi biyar na maƙwabta da takarda an rubuta masa saƙon kowa. Ya samu rabin kiɗan ya sauke, zabiyar kuma ta ce ta yi ta kira ba ta samu ba sai ta ɗauka an fasa, ta karɓi wani aikin. Kafin ya sake shiri aka katse wasu ƙananan hukumomin Katsina har da Funtuan, sai dai mutum ya nausa Zariya. Mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba, shikenan magana ta mutu.

Haka muka koma zaman teburin mai shayi da ke bakin layinmu, daga safe sai a yi ta lissafin yadda za a mayar wa mutum kuɗinsa alhali ko hanyar gaya masa babu. A nan Baba yake zama. Mun fi wata shida muna ganinsa, dattijo siriri da wata tsohuwar hula ƙube, ya sayi shayi rabin kofi ya daɗe yana kurɓa, mun san dai ɗan gudun hijira ne daga wani ƙauye can yankin Maradun kuma yana zaune da iyalinsa a wani kango wajen Damba, iyakar saninmu da shi kenan, kuma wannan ma abin kunya ne a gare mu. Ranar yana saurarenmu yana ɗan buga benci da yatsu, ba da ƙarfi ba, sai na ga Injiniya ya yi shiru ya karkata kai. Ya ce, Baba don Allah sake wannan. Baba ya yi murmushi ya sake. Ya ce, Baba kiɗa kake yi ne? Ya ce, "Awo ɗiyana, shekara talatin ina bayan maigidana da kotso, har Allah Ya amshi abinai. Ran da munka gudo ban ɗauko tabarma ba, shi na ɗauko." Washegari ya zo da shi a cikin buhun taki an naɗe da tsohon zane.

Ni ɗan Zamfara ne, na tashi ina jin Musa Ɗanƙwairo a rediyon mahaifina, na san ya rasu a 1991, na san shi da Sa'idu Faru duk ƙasar Maradun ce ta fitar da su kuma duk da kotso suka yi aiki, haka Narambaɗa a maƙwabta can ƙasar Isa. Na san Salihu Jankiɗi da aka haifa a Rawayya da taushi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku kiɗa, Kassu Zurmi kuma da kalangu ya yi wa mazaje nasa. Har Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa kan nazarin waɗannan makaɗan, ɗan garin nan ne. Duk wannan na sani a kai, amma wallahi sai ranar na fara taɓa kotso da hannuna. Ice ne da aka fafe, tsakiyarsa a tsuke, baki ɗaya aka rufe da fata ɗayan a buɗe, ga tsarkiya ta zagaye shi, a tsakiyar fatar kuma an liƙa nake, ɗan baƙin danƙon nan da ke ba shi zurfin murya. A kafaɗa ake rataya shi a kaɗa da yatsu. Na Baba icen ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda gumin shekaru, akwai wani wuri da ya tsage aka ɗinke da fata. Ya ce akwai mutum biyu cikin 'yan amshinsu na da a nan Gusau, ɗaya yana tura ruwa a kura, ɗaya yana dako a kasuwa. Injiniya ya kalle ni na kalle shi, ya ce tunda ba mace ba kiɗan Kano, mu gwada wannan, in mai biki ya ƙi sai mu san mun yi iya yinmu.

Zaman farko bai yi ba ko kaɗan, kuma laifin namu ne. Mun cika tankin mashin a gidan mai mun zo mun zuƙe da tiyo mun zuba wa janareta, muka sa Baba a ɗakin murya shi kaɗai, ɗakin da aka liƙe da soso ko ta ina, muka ɗora masa abin kunne, Injiniya ya kunna ɗan ƙaran nan mai tik tik da ake bi don kada a kauce wa awo. Baba ya fara, ya tsaya, ya sake farawa, ya cire abin kunnen ya riƙe a hannu ya ce, "Mi a wanga da ka sarata cikin kunne? Hidda shi. Kiɗi ba ya bin agogo, magana shi ka bi." Muka kashe. Ya sake bugawa sai sautin ya fito a mace kamar ana dukan kwali, don soson ya shanye komai, ga damina ba ta gama ɗaukewa ba fatar ta sha sanyi ta saki. Da aka zo amshi kuma Injiniya ya ce su shiga ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muka saba, mai dakon ya tsaya gaban makirfo ya kasa buɗe baki, ya ce shi bai taɓa amshi shi kaɗai ba, sai ya ji kafaɗar ɗan uwansa kusa da tasa kuma yana kallon bakin jagora.

Sai aka zo kan baitocina, nan ne abin ya taɓa ni. Na rubuta shafi biyu, ƙarshen kowane layi ya dace da na bayansa, amarya kyakkyawa ango ɗan gaske, irin wanda na rubuta ɗari na biki ɗari. Na karanta wa Baba, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Yaro, ɗiyar wa ta? Wa ya haihi ubanta? Mi kakanta ka yi, noma ko hwatauci?" Ban sani ba. Ina da sunan ƙawaye goma sha biyu amma ban san sunan kakan yarinyar ba. Da na faɗi sunan uban da garinsu sai ya ɗaga kai ya ce ai ya san gidan, kakan babban manomi ne, sun taɓa yi masa kiɗan gayya shi da maigidansa, ya faɗi sunan fadamar da gonar take da sunan wani dokinsa. Ya ce in ajiye takardar tukuna, a fara samun gindin waƙa, wato layin da 'yan amshi ke maimaitawa, in gindi ya zauna ɗiya, wato baitocin, za su zo da kansu. Ya yi shiru kamar minti biyar yana motsa leɓe, ya fitar da layi biyu, 'yan amshin suka cafe nan take kamar jiya suka rabu, alhali sun ce sun fi shekara huɗu ba su yi waƙa tare ba. Mai tura ruwan hawaye na zuba yana amshi bai goge ba.

Daren nan Injiniya bai yi barci ba, da safe ya ce studiyon ne bai dace da su ba, mu za mu bi su. Kakarsa tana da tsohon gidan ƙasa a cikin gari wajen Kanwuri, da zaure mai rufin azara da daɓen ƙasa, can muka kwashi kaya. Tsarin ya zama haka, da rana a yi cajin kwamfutar tafi da gidanka da batir ɗaya, da an idar da asuba a jira shida ta buga dokar fita ta ɗage, kowa ya hallara kafin masu mashin su cika titi da ƙara. Ba janareta, saboda haka ba gurnani a bayan sauti. Kakar da kanta take fito mana da kasko da garwashi, Baba ya kara fatar kotson a nesa da wutar yana juyawa yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare, ya ɓamɓare naken ya murza shi a tafin hannu har ya yi laushi ya mayar ya danna da babban yatsa, sai ka ji muryar ta sauka ta yi kauri. Makirfo biyu gare mu kacal. Injiniya ya sa ɗaya a gaban Baba, ɗayan ya fara sa shi wajen fatar sai ƙarar yatsu ta yi yawa, ya yi ta matsawa har ya gano ta bakin da yake buɗe ne ainihin sautin ke fita, ya kafa shi a can ƙasa ƙasa yadda zai kwaso 'yan amshin ma. In muryar wani ta yi yawa ba maɓallin da za a taɓa, sai dai a ce Malam ɗan ja baya taki ɗaya. Da alli ya zana wa kowa inda zai tsaya.

Sau uku aka ɗauka kuma ba wadda ta yi kama da 'yar uwarta, don Baba ba ya maimaita ɗa yadda ya faɗe shi ɗazu, gindin ne kawai ba ya motsi. Ta biyun muka zaɓa, duk da akwai zakaran maƙwabta da ya yi cara a tsakiya, Injiniya ya so ya yanke Baba ya ce a bar shi. Mawaƙinmu, yaro ne mai murya amma Auto-Tune, manhajar nan mai gyara murya, ya saba da shi, da farko ya ji tsoron buɗe baki a gabansu, Baba ya ce ya tsaya bayan 'yan amshi ya yi ta bi a hankali, can wajen ƙarshe ya ba shi fili ya jero sunayen ƙawaye da abokan ango da ke takardata. Aikina na shafi biyu a nan ya samu wurin zama, a wutsiya, kuma nan ne ya dace da shi.

Mun haɗa biyu, ta fiyano da rabin kiɗan da aka sauko da shi daga Funtua ba muryar mace, da ta kotso. Muka zuba a memori, muka naɗe a takarda da wasiƙar hannu ta ban haƙuri, muka kai tasha muka ba wani direban Kaduna da lambar mai bikin ya kira shi in ya shiga inda ake da sabis. Kwana goma ba mu ji komai ba. Direban ne ya dawo da amsa, ya ce matasa ta fiyanon suka sa a wajen fati, amma uban amarya da ya ji ta kotson a mota sai ya faka gefen titi ya kifa kai a sitiyari, don tun rasuwar mahaifinsa bai ƙara jin an ambaci wannan fadamar ba, kuma shekara biyu kenan ba mai iya zuwa noma ta. Ya aiko da cikon kuɗi a ambulan, da ƙari mai kauri, da babbar riga ya ce a ba tsohon.

A cikin gari kuma wani abu ya faru da ba mu shirya masa ba. Da yake ba YouTube ba Facebook, masu tura waƙa da fim a kasuwar waya su suka koma gidan rediyon gari, layi ake yi a gabansu da memori a hannu, wanda ya samu kuma ya tura wa na kusa da shi ta Xender. Yaronmu ya kai wa wani abokinsa a can, cikin mako sai ga ta a keke, ga ta a shagon aski, ga ta wajen masu wankin mota. Mutanen ƙauye da ke zube a kangwaye da tashoshi su suka fi nemanta. Mu kuma tunda ba wani aikin, muka ci gaba da zuwa zauren kusan kullum har ƙarshen wata, Baba ya yi ta zubo abin da ke cikinsa, waƙoƙin noma, na hakimin da suka yi wa hidima, wata ta masu haƙar rijiya da ya ce tun yana yaro ya ji ta. Kakar Injiniya takan zauna daga bakin ƙofar cikin gida, wani lokaci ta gyara masa sunan wani basarake in ya manta.

Yanzu ga inda abin ya yi tsami, kuma saboda shi ne ma na ga ya kamata a rubuta. Kuɗin da aka aiko ya kawo rigima. A al'adar studiyo mawaƙin da aka ba aiki shi ke da kuɗi, ya biya studiyo, ya ba marubuci nasa, wanda ya yi amshi ko ya buga wani abu a ba shi na mashin da ɗan abin sabulu, shikenan. Yaron ya tsaya a kan haka, ya ce da sunansa aikin ya zo. Baba kuma da aka tambaye shi sai ya kawo tsarin da ya sani, a zube kuɗi a tabarma a gaban kowa, jagora ya kasa, kowane ɗan amshi da kasonsa sananne, har ya ce a cire wani abu a kai wa iyalin maigidansa da ke gudun hijira a Talata Mafara, don karin da aka ɗora waƙar a kai nasa ne. Injiniya ya goyi bayan Baba, shi da yaron suka yi kwana uku ba sa magana. Ni a ganina yaron ba mugu ba ne, abin da ya tarar ana yi ya faɗa, kuma shi ma yana da uwa da ƙanne a wuyansa. Kuskuren namu ne mu duka da muka shiga aiki da dattawa ba mu zauna an faɗi rabon kowa tun kafin a buga ko sau ɗaya ba, mun ɗauka taimakonsu muke yi, alhali su suka fitar da mu kunya. Kawun Injiniya ne ya zaunar da mu, aka raba cikon kuɗin aikin yadda studiyo ta saba, ƙarin da uban amarya ya aiko kuma aka miƙa wa Baba gaba ɗaya ya kasa da hannunsa. Sai da ya ware na iyalin maigidan nasa kafin ya taɓa nasa, yaron ma ya ba shi kaso, ya ce ai ya yi amshi.

Ranar 1 ga Oktoba aka maido da sabis a Gusau, sauran jihar sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ba a yi mako ba muka fara ganin guntayen waƙar a TikTok da Facebook, an yanke an ɗora hoton ɗaya daga cikin manyan makaɗan da suka rasu an rubuta wai tsohon faifai ne da ba a taɓa ji ba, mutane na ta Allah Ya jiƙan maza, ana cewa irin waɗannan sun ƙare ba za a sake yin su ba. Mai muryar kuwa yana kwance a kango ba ƙofa, tafiyar minti ashirin daga inda wasunsu ke zaune suna rubutawa. Mun bi muna gyarawa a ƙarƙashi, wani ya goge wani ya toshe mu. Akwai dokar haƙƙin mallaka, an ma sa hannu a sabuwa a 2023 wadda ta yi maganar haƙƙin mai rerawa da mai kaɗawa, amma mutumin da ba shi da waya ba shi da takarda ko ɗaya da sunansa a kan aikin, ta ina zai fara. Da na nuna wa Baba a wayata ya kalli hoton ya daɗe, ya ce wanda aka sa ɗin ai ubansu ne duka ba ya jin haushi, "amma ku hwaɗi sunan maigidana, shi anka yi ma rashin adalci, ba ya da bakin magana yanzu."

Daga nan Injiniya ya canza abu ɗaya. Duk abin da aka ɗauka da su, sai an faɗi sunan jagora da 'yan amshi da mai karin da gari da shekara a cikin sautin kansa, kuma ba a farko kawai ba inda za a yanke da sauƙi, a tsakiya, kiɗa na tafiya wani ya ɗaga murya ya jero su yadda sanƙira, mai yi wa makaɗi shela da kirari, ke yi. Baba ne ma ya ba da shawarar, ya ce ai aikin sanƙira kenan tun asali. Kuma kafin a fara kowane aiki yanzu sai an rubuta rabo a takarda an karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ba zan ce studiyon ya koma na kotso ba, ƙarya ne. Da sabis ya dawo masu biki suka dawo da son fiyano da muryar mace daga Kano, mu ma muka koma, don shi ke biyan haya. A shekara ba ya wuce mutum uku ko huɗu su nemi a yi masu da Baba, yawanci dattawa ne 'yan asalin ƙauye da ke zaune Abuja ko Kaduna. Ni dai tun daga lokacin ba na karɓar aikin biki sai na tambayi sunan kaka da garin asali da sana'ar gidan, wasu su yi mamaki, wasu sai sun je sun tambayo. Mai tura ruwan ya koma ƙauye da kaka ta waccan shekarar ya ce zai gwada girbe ɗan abin da ya samu, bai dawo Gusau ba, saƙonsa dai yakan iso jefi jefi. Mai dakon yana nan. Muryar Baba ta fara ja baya, tari ya matsa masa tun hunturun bara, ba ya iya jan ɗa mai tsawo sai ya tsaya ya huta.

Abin da muka ɗauka a zauren nan yana cikin faifan ajiya guda biyu, ɗaya wajen Injiniya ɗaya wajena, kuma na farko farkon duk ba suna a kansu sai lamba, don lokacin ba mu yi wannan tunanin ba. Makon jiya na ɗauki ƙaramar sifika da littafi na tafi Damba, muka zauna a inuwar katanga, in kunna masa ɗaya ya saurara ido rufe, ya gaya mani ta wane ce, wa ya ƙirƙiri karin, a wane gari aka fara yinta da kuma wace shekara in ya tuna, ta yunwa ko ta rasuwar wani sarki, ni kuma ina rubutawa. Jikokinsa suka zagaye mu, ƙaramin cikinsu yana bin kiɗan da yatsu a kan wata tsohuwar galan. Mun kai ta bakwai ya gaji. Fatar kotson ta yage tun watan jiya, Injiniya ya ba wani mahauci sautun fatar ɗan akuya, ranar Asabar in Allah Ya kai mu za mu kai masa mu ci gaba daga ta takwas.